Jinga ko kaso? Abin da rayuwar Butch Vig ta sa na tsaya a kai

Shekaran jiya da daddare muna zaune a majalisa wani abokina mai haɗa kiɗa a situdiyo ya sake ɗauko maganar da kullum take cin shi a rai, wai waƙar da ya kwana uku yana yi wa kiɗa yanzu ba gidan bikin da za ka shiga ba ka ji ta ba, 'yan adaidaita sun saka, masu shayi sun saka, amma shi abin da zai samu a kanta tun ranar farko aka damƙa masa, ya ma manta me ya saya da kuɗin. Sunansa kuwa ko a ƙasan bidiyon ba a rubuta ba. Sai wani a cikinmu ya ce masa to malam ai jinga ka yi, ka taɓa ganin magini ya gina gida ana ba shi kaso a kuɗin haya? Aka kwashe da dariya har da ni, amma gaskiya da na koma gida maganar ba ta bar ni na yi barci da wuri ba, don ni dai ban yarda da wannan misalin na magini ba, kuma mutumin da ya sa ban yarda ba wani Bature ne mai buga ganga kuma furodusan waƙa da ake kira Butch Vig.

Nasan da yawa ba su san shi ba, kuma ba laifinsu bane, kiɗan rok ba abincinmu bane a nan. Ni ma haɗari ne ya haɗa ni da shi lokacin ina makaranta, wani ɗan ɗakinmu ne ya ishe mu da shi har kunne ya saba. Amma labarin mutumin nan ya shafi duk wanda yake aiki a bayan fage, ko ba ka taɓa jin ƙarar jita ba.

An haife shi a 1955 a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Viroqua a jihar Wisconsin ta Amurka, yankin manoma da masu kiwon shanun madara, nesa da Los Angeles da New York inda harkar waƙa take. Da fiyano ya fara yana yaro sannan ya koma ganguna. Ya je jami'a a Madison, a can ya shiga wata ƙungiya mai suna Spooner yana buga musu ganga, daga baya kuma Fire Town, duk ba wadda ta yi wani tashe na a zo a gani. Da rana yana tuƙa tasi, da dare yana kiɗa a ƙananan wurare. A farkon shekarun 1980 shi da abokinsa Steve Marker suka buɗe situdiyo a Madison suka sa mata suna Smart Studios, kayan aikin ma tsince-tsince ne, kuma masu zuwa wajensu yara ne 'yan fank (punk, wani nau'in kiɗan rok mai kaushi) da ba su da ko sisi, su zo su ɗauki waƙa goma a kwana biyu su tafi. Wannan duniyar ita suke kira indi, wato mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, ƙananan kamfanoni ne suke buga musu faifai, su cusa kansu da kayan kiɗansu a tsohuwar bas su zaga garuruwa suna kwana a ƙasan ɗakin duk wanda ya tausaya musu. Shekara kusan goma Vig ya yi a cikin wannan wahalar, kuma a nan ya koyi yadda ake fitar da sauti mai nauyi da kayan aiki marasa tsada.

Wani faifai da ya yi wa wata ƙungiya mai suna Killdozer a 1989 shi ne ya kai sunansa kunnen mutanen Sub Pop, ƙaramin kamfanin da yake Seattle, su kuma suka turo masa wasu yara uku da ake kira Nirvana a watan Afrilun 1990. Faifan Nirvana na farko dala ɗari shida da 'yan kai aka kashe wajen ɗaukarsa, ka ji irin talaucin da ake ciki. Yawancin aikin da suka yi a Madison bai fito a lokacin ba, amma kaset ɗin shi yaran suka riƙa yawo da shi har babban kamfanin Geffen ya ɗauke su, da aka tambaye su wa suke so ya yi musu aiki suka ce a kira musu mutumin Wisconsin ɗin nan. A 1991 suka shiga situdiyon Sound City a Kalifoniya, abin da ya fito shi ne faifan Nevermind, ranar 24 ga Satumba. Zuwa Janairun 1992 ya ture faifan Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Amurka, Michael Jackson fa, kuma zuwa yau an sayar da sama da kwafi miliyan 30.

To yanzu a nan nake so a tsaya, don nan ne misalin magini yake rushewa. Me Vig ya yi a ɗakin nan? Kurt Cobain, wanda ya rubuta waƙoƙin kuma yake rera su, mutum ne da ya tsani maimaici, in ya rera sau ɗaya ko biyu shikenan ya gaji, kuma a aƙidarsu ta 'yan fank ɗora murya a kan murya don ta yi kauri kamar ha'inci ne. Vig ya san muryar tana buƙatar hakan, kuma ya san yaron yana mutuwar son John Lennon, mawaƙin ƙungiyar Beatles, sai ya ce masa ai Lennon ma haka yake yi, nan take ya yarda. Wani lokacin ma yana ɗaukar sa ne yana gwaji bai sani ba, ko ya ce masa na farkon bai ɗauku da kyau ba a sake, alhali tarawa yake yana jera jita a kan jita. Akwai wata waƙa mai sanyi da suka yi ta fama ta ƙi zama da cikakkun kayan kiɗa, Cobain ya kwanta a kan kujera da wata tsohuwar jita yana rerawa ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa yana cewa haka nake so ta fito, Vig ya tashi ya kashe na'urar sanyaya ɗaki da wayoyi ya jawo makirfo ya ɗauka a wajen, daga baya aka bi aka ɗora sauran kayan a hankali. Shi kuma Dave Grohl, mai gangar ƙungiyar, wanda kowa ya san dodo ne a ganga, a wata waƙar yana ta ƙara gudu ba tare da ya sani ba, Vig da yake shi ma ɗan ganga ne kunnensa ya kama, ya sa masa abin nan mai ƙyas-ƙyas a kunne da yake tsare wa makaɗi lokaci. Grohl ya sha faɗa cewa abin ya yi masa ciwo, amma waƙar ta zauna.

Dan Allah wannan aikin magini ne da aka miƙa wa zane aka ce bi? Magini ba ya canja wa mai gida ra'ayi a kan inda ƙofa za ta kalla, in ma ya yi to ya tashi daga magini. Wannan mutumin yana cikin waɗanda suka yanke yadda abin zai kasance, da wani ne a kujerar da wani faifan daban duniya za ta ji.

Abin haushi kuma abin dariya, da faifan ya fashe sai 'yan indi masu tsattsauran ra'ayi suka fara cewa an yi masa kwalliya da yawa, an wanke shi tas don gidajen rediyo, har shi Cobain ɗin da bakinsa ya zo yana cewa sautin ya yi sulɓi da yawa. Wato in abu ya yi kyau na mawaƙi ne, in an tashi zargi kuma sai a nemo furodusa. Kuma ko a wannan zargin ma akwai rashin adalci, don ba Vig ne ya yi haɗin sauti na ƙarshe ba, wani ne mai suna Andy Wallace, kuma su 'yan ƙungiyar ne suka zaɓe shi daga jerin sunayen da kamfani ya kawo. Da aka cika shekara ashirin a 2011 an fitar da haɗin da Vig ya yi da hannunsa, duk wanda ya saurara zai ji ya fi kaushi. Ni a ganina ma duk maganar nan ta cin amanar indi maganar ƙoshi ce, yaran da suke kwana a bas suna cin abincin gwangwani ba su suke yin ta ba, masu sauraro ne da suke jin haushin abin da suke taƙama su kaɗai suka sani ya zama na kowa.

Amma fa ba zan ɓoye ba, akwai mutumin da yake ɗaya ɓangaren wanda hujjarsa take da nauyi, kuma ina ganin girmansa sosai, Steve Albini na Chicago, shi ma mai ɗaukar faifai a situdiyo. Shi Nirvana suka nema a 1993 da suka so faifai mai kaushi don su wanke kansu daga wancan zargin. Kafin ya karɓi aikin ya rubuta musu doguwar wasiƙa, a ciki ya ce shi a biya shi kamar yadda ake biyan mai gyaran famfo, ya yi aiki a sallame shi, ba ya son kaso ko na ƙwandala. Har lissafi ya yi musu, ya ce in aka ba shi kason da aka saba ba furodusa kuma aka sayar da kwafi miliyan uku, zai tashi da wajen dala dubu ɗari huɗu, kuma shi ba zai iya barci ba in ya karɓi wannan kuɗin. Dalilinsa shi ne waƙa ta masu ita ce, su suka rubuta, su za su yi ta yawo da ita har tsufa, su za a zaga in ta lalace, kuma a tsarin Amurka kason furodusa daga cikin ɗan abin da mawaƙi yake samu ake yankarsa, ba daga aljihun kamfani ba. Ko sunan furodusa ma ba ya so a kira shi da shi, ya fi son a ce injiniyan ɗaukar sauti. Haka ya rayu har ya rasu a watan Mayun 2024, ya yi wa ƙungiyoyi aiki fiye da dubu, manya da waɗanda ba wanda ya taɓa jin sunansu, yana sanye da kayan aiki irin na bakanike.

Wallahi mutum ne. Amma a duba da kyau. Jingar da Albini ya karɓa a wannan aikin dala dubu ɗari ce, aikin da bai wuce sati biyu ba. Sannan sunansa kaɗai talla ne, duk wanda yake harkar ya san sautinsa, ko bai sa hannu a takarda ba aiki zai yi ta zuwa masa. Mai irin wannan matsayin in ya ce ba ya son kaso ya isa ne, kamar attajiri ne ya ce ya yafe bashi. Ka ɗauki wannan ƙa'idar ka ɗora wa yaron da aka ba kuɗin da ba zai sayi buhun shinkafa ba kuma aka goge sunansa, ka ga ai ta zama sandar dukansa. Kuma shi kansa Albini situdiyon da ya gina a 1997 ba da sauƙi ya riƙe ta ba, mutumin ƙwararren ɗan karta ne har ya ci babbar gasa a Las Vegas sau biyu, a 2018 da 2022, kuma bai ɓoye cewa kuɗin kartan suna cikin abin da yake rufa masa asiri ba. Ni dai ba zan ba wa ƙanina shawarar ya bi tsarin da sai an haɗa da caca ba.

Wani abin kuma, Albini da Vig ba aiki iri ɗaya suke yi ba ko da kujera ɗaya suke zama. Albini aƙidarsa ita ce ku shigo ku buga yadda kuke bugawa ni zan ɗauka yadda yake, ba zan ce muku ku rage baiti ko ku sake amshi ba. To wannan in ya ce jinga ya yi gaskiya ya faɗa. Vig kuwa shiga cikin waƙar yake yi. Ka duba abin da ya sha a 1993 da Smashing Pumpkins a wata situdiyo a jihar Jojiya, wata da watanni, shugaban ƙungiyar Billy Corgan yana cikin matsanancin ƙunci, mai gangarsu yana fama da ƙwaya yana ɓacewa kwana da kwanaki, sauran biyun ba sa ga maciji, shi da Corgan suka zauna suna jera jita a kan jita har waƙa ɗaya takan ɗauki gomman layuka, a zamanin tef fa ba kwamfuta ba, da reza ake yanka a liƙa. Mutumin da ya zama furodusa, ya zama alƙali, ya zama mai rarrashi, a ce masa ungo jingarka sai wata rana? Haba. Kuma ko faifan da Albini ya yi wa Nirvana sai da aka kira wani, Scott Litt, ya sake haɗa sautin waƙoƙin da za a kai rediyo, wato kwalliyar da aka gudu dai aka dawo aka shafa kaɗan.

Ban ce furodusa ya yi kafaɗa da wanda ya rubuta waƙa ba, a'a. Ba Vig ne ya rubuta baiti ko ɗaya a Nevermind ba, kuma da ba Cobain da ba abin da zai gyara. Kason da ake magana a can ma ɗan kaɗan ne, kamar uku ko huɗu cikin ɗari. Abin da nake cewa shi ne wanda hannunsa ya canja kamannin abu, to in abin ya yi albarka ya kamata albarkar ta riƙa isa gare shi, ko yaya take, kuma a rubuta sunansa inda ido zai gani. In waƙar ta faɗi shi ma ya tashi a tutar babu, ai adalci kenan, an raba riba an raba asara.

Kuma ba banza ba mai ganga ne ya fi kowa gane wannan. Shi ne a can baya, ganguna sun rufe shi, fitila tana kan mai waƙa, Turawa har barkwanci suke yi da masu ganga wai ba makaɗa bane masu rakiyar makaɗa ne. Alhali shi yake jin waƙa gaba ɗayanta, ya san inda ta yi gudu da inda ta ja ƙafa, shi ya sa in suka koma kujerar furodusa suke yin kyau. Ka ga Chad Channing, shi ne mai gangar Nirvana lokacin da suka je Madison, yawancin salon bugun da aka ji a Nevermind shi ya fara shimfiɗa shi kafin a rabu da shi Grohl ya zo ya ƙara masa ƙarfi, har akwai waƙa ɗaya da aka bar bugunsa a faifan ba a sa sunansa ba a bugun farko. Da aka karrama ƙungiyar a 2014 ba ya cikin waɗanda aka karrama, sai Grohl ne ya tsaya a gaban jama'a ya ambace shi ya gode masa. Mu ma nan Najeriya muna da namu, Tony Allen, wanda ya yi shekaru yana buga wa Fela ganga kuma kowa ya yarda bugunsa ne ƙashin bayan Afrobit, a ƙarshen shekarun 1970 ya bar ƙungiyar kuma maganar kuɗi da rashin ba shi haƙƙinsa tana cikin dalilan, ya ƙare rayuwarsa a Faris a 2020. Kai ko a gida, kowa ya san Shata, amma a majalisar nan tamu da na tambaya wa zai kawo sunan mutum biyu cikin masu kalangunsa shiru aka yi, ni ma da na yi tambayar ban iya ba.

Shi Vig hanyar da ya bi ta burge ni. Lokacin da kowace ƙungiya a Amurka take layi tana so ya yi mata irin sautin Nirvana, ya ga ya gaji da jita da bes da ganga iri ɗaya kullum, sai ya koma Madison wajen tsofaffin abokansa, Marker da Duke Erikson, suka fara wasa da na'urori suna yanka sauti suna maimaitawa, abin da 'yan indi suke ɗauka kamar saɓo. Suka ga wata 'yar Sikotlan mai suna Shirley Manson a talabijin suka neme ta, suka kafa Garbage, sunan ma ma'anarsa shara. Faifansu na farko ya fito a 1995 yana da shekara arba'in, shekarun da ake cewa mutum ya tsufa da hawa dandamali, ya koma can baya ya zauna a kan gangunansa, kuma ya sayu miliyoyi, har a 1999 aka ba su waƙar fim ɗin James Bond. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne waƙoƙinsu da sunan su huɗun ake rubutawa, ba a ware wane ya kawo baiti wane ya kawo kiɗa. Mutumin da ya ga yadda kuɗi da suna suke tarwatsa ƙungiyoyi a gaban idonsa, da ya tashi kafa tasa sai ya toshe ƙofar tun daga farko, kuma ga shi shekara talatin su huɗun nan dai su ne, ba a canja ko ɗaya ba.

Ita kuwa Smart Studios an rufe ta a 2010, kuɗin da kamfanoni suke warewa na ɗaukar faifai ya ragu, kowa ya koma yi a ɗakinsa da kwamfuta. Wajen wannan lokacin Grohl, wanda ya riga ya zama babban tauraro da Foo Fighters, ya kira mutumin da ya taɓa sa masa ƙyas-ƙyas a kunne ya ce ya zo garejin gidansa su yi faifai da tef irin na da ba kwamfuta, suka yi, ya ci kyautar Grammy.

Na ba abokina duk labarin nan washegari a situdiyonsa, NEPA sun ɗauke muna zaune a bakin ƙofa muna fifita da kwali. Na ce masa daga yau kafin ka taɓa fiyano ku rubuta a takarda, ko a WhatsApp ne, sunanka a bidiyo da kaso kaza in ta shiga manhajojin da ake biya. Ya kalle ni ya ce in ya faɗi haka mawaƙin zai tsallaka titi ne kawai, akwai situdiyo uku a layin, kuma yaron da yake ta ƙarshen ko kuɗin kati aka ba shi zai yi. Na ce to ku huɗun ku zauna mana ku yi magana ɗaya. Ya ce biyu daga ciki ba sa gaisawa tun azumin bara.